Muhammad Assaf na Gaza: Abin da Gasar Waƙa Ta Ba Shi da Abin da Ta Ɗora Masa

A daren Asabar, 22 ga Yuni, 2013, aka sanar a birnin Beirut cewa Muhammad Assaf, wani Bafalasɗine ɗan shekara 23 da ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Khan Yunis a Zirin Gaza, shi ne ya lashe zango na biyu na gasar waƙa ta Arab Idol wadda tashar MBC take haskawa, bayan ya kayar da Ahmad Jamal na Masar da Farah Yusuf ta Siriya a zagayen ƙarshe. Tashoshin MBC ba baƙi ba ne a gidajen Kano, tun da satalayit ɗin da ba a biya masa kuɗin wata yana kamo su, amma ba ta wannan hanya yawancin mutanen birni suka san muryarsa ba. Sun san ta ne daga baya, a cikin gajerun bidiyoyin Gaza da ake turawa daga waya zuwa waya, inda ake ɗora waƙarsa a kan hotunan rusassun gidaje da na masu zanga-zanga, sau da yawa ba tare da mai turawa ya san sunan mai waƙar ba.

Akwai dalilin da ya sa lamarinsa ya cancanci a yi masa duban tsanaki daga nan Kano. Duk wanda yake zama da matasan da ke safa da marwa a situdiyoyin Titin Gidan Zoo ya san koken da suka fi yi, wato murya akwai, basira akwai, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗaga mutum, kuma da a ce Arewa tana da babbar gasar talabijin irin waɗanda ake yi a Legas, da tuni duniya ta ji su. Koken nan ba na banza ba ne. Sai dai rayuwar Assaf tana nuna cewa gasa ba ta ƙirƙirar mawaƙi, wanda ya riga ya ƙware take nunawa, sannan kuma tana sallamarsa da wani kaya a kai wanda ba shi ya zaɓa ba.

An haife shi ranar 1 ga Satumba, 1989, a birnin Misrata na Libiya, inda iyayensa suke zaune a lokacin. Dangin mahaifiyarsa mutanen Beit Daras ne, ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka tarwatsa a 1948, shekarar da kimanin Falasɗinawa 700,000 suka rasa muhallinsu, dangin mahaifinsa kuma daga yankin Bi'ir Saba'a suke. Yana da shekara huɗu iyalin suka koma Khan Yunis. Ya yi makarantar hukumar UNRWA, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1949 don kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, mahaifiyarsa kuwa malamar lissafi ce. Da ya girma ya shiga jami'a a Gaza yana karanta aikin jarida da hulɗa da jama'a. Bai taɓa zuwa makarantar koyon kiɗa ba. Inda ya koyi sana'ar shi ne gidajen biki, kuma da kuɗin waƙar bikin ya riƙa rage wa kansa nauyin karatu.

Wannan ɓangare na tarihinsa ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne tushen komai. Bikin Falasɗinawa yana da rawar da suke kira dabka, inda maza ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, hannu riƙe da hannu, suna buga ƙafa a ƙasa tare, na kan gaba yana kaɗa ƙyalle ko carbi yana jan layin. Kafin kiɗa ya kankama mawaƙi yakan buɗe da mawwal, wato ya ja baiti ɗaya da murya zalla, ba ganga a ƙarƙashinsa, yana hawa yana sauka, yana lanƙwasa gaɓa guda har sai numfashi ya kusa ƙarewa. A wannan wuri babu abin da zai rufa wa mai ƙaramar murya asiri. Wanda ya shekara da shekaru yana yin haka a gaban mutanen unguwarsu, waɗanda ba sa jin kunyar nuna masa cewa ya gundure su, ya koyi abin da babu alƙalin gasa da zai koya masa cikin wata uku: yadda ake karanta fuskar taro, lokacin da za a ja da lokacin da za a saki, da yadda ake ci gaba idan na'ura ta ba da matsala. Tsofaffin mawaƙan Kano da suka saba tsayawa gaban mata a wurin kamu, inda in waƙa ba ta shiga ba babu mai tashi ta yi liƙi, sun san wannan makaranta. Da yawa daga cikin na yanzu kuwa a ɗaki suka koyi waƙa, gaban kwamfutar da ke daidaita musu murya, idan an gayyace su biki sai a saka abin da aka riga aka ɗauka su riƙe makirufo suna mamin. A dandamalin Arab Idol kai tsaye ake rera waƙa, da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a baya, kuma mai mamin ba zai kai mako na biyu ba.

Labarin zuwansa wurin tantancewa a Alƙahira shi ne wanda kowa ya fi so. Tun 2007 Gaza take cikin ƙawanya, kuma a lokacin mashigar Rafah ta iyakar Masar ita ce kusan ƙofa ɗaya tilo da ta rage wa talaka, ita ma ba kullum take buɗe ba. Tafiyar ta ci masa kwana biyu saboda tsaikon kan iyaka. Ko da ya isa otal ɗin da ake tantancewar an rufe ƙofa, sai ya haura katanga ya shiga, ya kuma tarar an gama raba lambobi. Ya tsaya a zauren da masu jira suke ya fara rera waƙa, sai wani Bafalasɗine ɗan'uwansa da ke riƙe da lamba ya ji, ya miƙa masa tasa, a kan cewa shi ya fi shi damar kaiwa ƙarshe. Idan aka ba Bakano wannan labari, amsar da ke fitowa ita ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne, babu ja. Amma mutumin nan bai sadaukar da lambarsa don tausayi ba, abin da kunnensa ya jiye masa ne ya sa, kuma abin da ya ji ɗin an shafe shekaru ana gina shi a bukukuwan Khan Yunis.

Ya kamata a fahimci yadda irin wannan gasa take aiki, domin kasuwanci ce kafin komai. Tsarin ya samo asali daga Birtaniya a 2001, inda Simon Fuller ya ƙirƙiro Pop Idol, Amurka ta ɗauka a 2002, daga nan ake sayar wa tashoshin ƙasashe izinin yin nasu. Alƙalai ne ke tacewa da farko, daga baya hukunci ya koma hannun masu kallo, waɗanda ke kaɗa ƙuri'a ta saƙon waya da ake cirar musu kuɗi, kuma mutum ɗaya yana iya turawa sau nawa ya ga dama. Tasha tana samu daga tallace-tallace da kuma waɗannan saƙonni. Ke nan wanda zai lashe yana buƙatar abu biyu, murya da kuma jama'ar da ta yarda ta kashe kuɗinta a kansa. A zangon 2013 alƙalan su ne Ragheb Alama da Nancy Ajram na Labanon, da Ahlam ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Hassan El Shafei na Masar. Ragheb ne ya laƙaba masa sunan roka saboda ƙarfin muryarsa, masu kallo kuma suka riƙa kwatanta shi da marigayi Abdulhalim Hafiz na Masar, kwatancen da ba a cika yi wa sabon shiga ba.

Abu na biyun kuwa ya same shi fiye da kima, saboda halin da Falasɗinawa suke ciki a lokacin. Tun 2007 suke rabe gida biyu, Hamas tana riƙe da Gaza, Fatah ta Mahmud Abbas tana riƙe da hukumar da ke Ramallah a Gaɓar Yamma, ga kuma yaƙin kwana takwas da aka yi a Gaza a Nuwamban 2012 bai daɗe da lafawa ba. Mutane suna ƙishirwar wani abu guda da za su taru a kai ba tare da an tambayi mutum jam'iyyarsa ba. Abbas ya kira shi a waya ana tsakiyar gasa, aka nemi ofisoshin jakadancin Falasɗinu su zaburar da mutanensu na ƙetare, kamfanin waya ya rage kuɗin saƙo, wani banki ya shiga da kuɗinsa, aka kafa manyan allunan kallo a dandali. A zagayen ƙarshe ya rera "Alli al-Kufiyya", waƙar da ke kiran a ɗaga rawanin nan mai zanen baƙi da fari da aka san Yasser Arafat da shi, wadda ya riga ya yi tun yana Gaza kafin a san za a yi gasar. Da aka kira sunansa ya faɗi ya yi sujjada a kan dandamali, tituna suka cika a Gaza da Ramallah da Gabashin Ƙudus da sansanonin Labanon. A ganina bai kamata a tsaya jayayya ko murya aka zaɓa ko Falasɗinu aka zaɓa ba. Muryar ta isa ta ci gasar, amma yawan ƙuri'un na wata al'umma ne da ta samu akwatin zaɓe guda da babu mai rufe mata shi, kuma wanda aka zaɓa ta wannan hanya ya ci bashin da ba a rubuta ba.

Ba kowa ne ya yi murna tun farko ba, kuma a nan mai karatu Bakano zai ga abin da ya saba gani. Hukumar Hamas ba ta ɗauki shirin da maza da mata ke waƙa a dandamali ɗaya a matsayin abin alfahari ba, wasu malamai sun soke shi a huɗuba, an kuma ruwaito cewa jami'an tsaronta sun sha tsare Assaf a shekarun baya saboda waƙoƙinsa, waɗanda ake dangantawa da ɓangaren Fatah. Kano ma gari ne da ake son waƙa ake kuma tuhumar mawaƙi a lokaci guda. Tun 2001 akwai Hukumar Tace Finafinai da ke sa ido a kan abin da ake fitarwa, kuma a 2016 adawar malamai ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin finafinai a Kofa. Abin lura a lamarin Assaf shi ne yadda farin jini ya sauya lissafi. Da ya dawo ta Rafah kwana uku bayan nasarar, dubban mutane suka yi dafifi, har da jami'an gwamnatin Hamas cikin masu tarba. Duk da haka babban wasansa na farko a ƙasar Falasɗinu ba a garinsu aka yi shi ba, a Ramallah aka yi a farkon watan Yuli.

Daga nan muƙamai suka biyo. UNRWA ta naɗa shi jakadanta na matasa, Abbas kuma ya ba shi matsayin jakadan al'adu haɗe da fasfo na diflomasiyya, sannan a watan Agusta Isra'ila ta amince ya koma Gaɓar Yamma da zama. Ga mutumin Gaza wannan ya fi motar Chevrolet da aka ba shi daraja nesa ba kusa ba, domin abin da ya fi tsada a wurinsu shi ne izinin fita da shiga. Amma muƙamin da hukuma ta ba mawaƙi igiya ce mai baki biyu, tana jawo shi sama tana kuma ɗaure shi da rigingimun wanda ya ba shi. Kanawa sun ga misalin haka a gida: a ƙarshen 2018 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙar Sarkin Kano, da aka sauke sarkin a Maris na 2020 shi ma ya ajiye sarautar. Assaf ya tsinci kansa tsakanin hukumomi uku, wato Hamas da hukumar Ramallah da Isra'ila, kowacce da abin da take so ya faɗa ko ya yi shiru a kai, kuma wadda ta ba shi izinin wucewa tana iya karɓe abinta. A Oktoban 2020 Avi Dichter, ɗan majalisar Isra'ila daga jam'iyyar Likud, ya sanar cewa za a janye masa izinin shiga bisa zargin tunzura jama'a. A lokacin ya riga ya mai da Dubai mazauninsa.

Ta fuskar sana'a, shekaru biyun farko sun yi gudu. Kyautar gasar ta haɗa da kwantiragi da kamfanin Platinum Records, wanda ke da alaƙa da MBC ɗin kanta, ke nan tashar da ta haska shi ita ce kuma take da hannu a cinikin abin da zai rera. Ya yi waƙa a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York a Nuwamban 2013, ya yi a bikin buɗe taron FIFA a Sao Paulo ta Brazil a Yunin 2014, ya fitar da kundinsa na farko a wannan shekara, ya kuma karɓi lambar MTV ta Turai a matsayin gwanin Gabas ta Tsakiya. A 2015 darakta Hany Abu-Assad ya yi fim a kan rayuwarsa. A 2017 ya fitar da wani kundin, ya yi haɗaka da ƙungiyar Gente de Zona ta Kuba da kuma Faudel, mawaƙi ɗan asalin Aljeriya da aka haifa a Faransa. Ya yi aure a 2020 cikin sirri, bai yarda an yaɗa hoton amaryar ba, abin da ya jawo masa surutu a wasu wurare amma da wuya ya ba Bakano mamaki.

Idan aka jera ayyukan nan za a ga ana jan sa ta hanya biyu. Kamfani yana son tauraron da zai sayu a Masar da Labanon da ƙasashen Tekun Fasha, kuma abin da ke sayuwa a can shi ne waƙar soyayya mai kiɗan zamani da bidiyo mai tsada. Ya yi su, wasu sun yi tashe na ɗan lokaci, sai dai a wannan fage shi ɗaya ne cikin gwanaye masu yawa. Jama'ar da ta zaɓe shi kuwa ɗan sansani take nema, mai rawani a kafaɗa, kuma duk lokacin da aka kai wa Gaza hari, kamar yaƙin Yuli da Agustan 2014, idanu sukan koma kansa a ji abin da zai ce. Waƙar da ta fi duk sauran daɗewa ita ce "Dammi Falastini" ta 2015, wadda aka gina a kan kiɗan dabka, wato ainihin abin da ya taho da shi daga gidajen biki. Ita aka riƙa ji a lokacin rikicin unguwar Sheikh Jarrah a 2021, ita kuma aka riƙa sakawa a zanga-zangar biranen duniya bayan Oktoban 2023, lokacin da yaƙi ya mai da yawancin Khan Yunis kufai.

Wasu da suka ci irin wannan gasa suna taimakawa a gane abin da ya bambanta shi. Timi Dakolo ya lashe Idols West Africa a 2007, amma sai a 2011 kundinsa na farko ya fito. Iyanya ya lashe zangon farko na Project Fame a 2008, ya shafe shekaru ba a jin ɗuriyarsa sosai, sai da ya sauya salo zuwa kiɗan rawa sannan ya fashe a 2012. Mercy Chinwo ta lashe Nigerian Idol a 2012, ita ma sai wajen 2018 sunanta ya cika gari, kuma a fagen waƙoƙin coci, inda ta taso. A Arab Idol ɗin kanta wani Bafalasɗinen, Yaƙub Shahin na Baitalami, ya lashe zango na huɗu a 2017, an yi shagali a garinsu, amma sunansa bai yi nisan na Assaf ba. Kofi iri ɗaya ne, makoma daban-daban, kuma a kowane ɗaya daga cikinsu shekarun bayan gasa ne suka yanke hukunci.

Saura batun mallaka, wanda shi ne ya fi shafar matashin Kano kai tsaye. A watan Mayun 2023 aka wayi gari "Dammi Falastini" ta ɓace daga Spotify da Apple Music. Assaf ya shaida wa manema labarai cewa an sanar da shi an cire ta bisa zargin tunzuri, Spotify kuwa ya ce ba shi ya yanke shawarar ba, mai rarraba waƙar ne ya janye ta, daga baya kuma ta dawo. Ko wace magana ce ta fi kusa da gaskiya, abu ɗaya ya fito fili: mawaƙin da miliyoyin mutane suka zaɓa, mai fasfo na jakada, ba shi ne yake riƙe da makullin waƙarsa mafi shahara ba, tsakaninsa da mai sauraro akwai kamfani da mai rarrabawa da dandalin intanet, kuma kowannensu yana iya rufe ƙofa.

A Kano matsalar ta juya ta ɗaya gefen. Babu mai iya cire waƙa daga wayoyin mutane, domin masu tura waƙa a kasuwar Farm Centre da sauran lunguna suna zuba ta a memori kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, daga nan ta bi WhatsApp da Xender, sai dai ko sisi ba ya komawa ga wanda ya rera. Wanda kuma ya so ya sa tasa a YouTube ko Audiomack ko Boomplay, sau da yawa yakan miƙa ta ga wani da ya iya harkar ya ɗora a shafinsa, a kan amana, ko kuma furodusan fim ya biya shi sau ɗaya a wuce wurin ba tare da an fayyace wa ke da waƙar ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta tanadi cewa miƙa haƙƙin waƙa ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya aiki sai an rubuta. Duk ranar da wata tasha ko wani kamfanin waya ya shirya wa Arewa babbar gasar da matasa suke roƙo, za a ba kowane mai shiga takarda ya sa hannu tun kafin ya hau dandamali, kuma a cikinta ne za a rubuta shekara nawa kamfani zai riƙe shi, kaso nawa zai samu, da wanda zai mallaki waƙoƙin da ya zo da su daga gida.